Ƙidayar karta a wasan blackjack: me ainihin mai ƙidayar yake riƙewa a kansa?

Tambaya: "Malam, barka da aiki. Na daɗe ina jin labarin mutanen da suke ƙidayar karta a ka, har su ci galabar gidajen caca a wasan blackjack. Shin haddace duk katin da ya fita suke yi? An ce hanyoyin suna da yawa, to wacce ce ta fi? Kuma in mutum ya ƙware, abin zai yi masa aiki a wasan da ake bugawa a waya?"

Ɗan'uwa, barka kadai. Tambayoyi uku ka haɗa: me ake riƙewa a ka, wace hanya ce ta fi, kuma a ina abin yake aiki. Zan bi su bisa abin da na sani ta fuskar koyar da lissafin yiwuwa, inda na daɗe ina amfani da karta don nuna wa ɗalibai yadda abin da ya wuce yake canza abin da zai zo. Amma tun farko mu fahimci juna: blackjack na kuɗi caca ne, shigar lissafi cikinsa bai canza masa suna ba. Lissafin nake bayani, kuma za ka ga da kanka cewa shi ma lissafin ba ya alkawarin abin da masu ba da labari suke cewa yana yi.

Babu wanda yake haddace katuna. Lamba ɗaya tak mai ƙidaya yake riƙewa, tana hawa tana sauka, kuma lambar amsa ce ga tambaya guda: cikin katunan da suka rage ba a raba ba, manya ne suka fi yawa ko ƙanana?

Dalilin da ya sa ƙidayar take aiki

A blackjack kai da mai rabawa kuke karawa, kowa na neman kusantar 21 ba tare da ya wuce ba. Katuna daga 2 zuwa 10 suna da darajar lambarsu, masu hoto wato J da Q da K kowanne 10 ne, A kuma 1 ne ko 11. Abin da ya bambanta wannan wasa da irin su jefa ɗan lido shi ne katin da aka raba ba ya komawa cikin sauran sai an sake cakuɗawa. In A huɗu suka fita daga fakiti guda, wato cikakken jerin karta mai kati 52, to babu mai sake samun 21 da kati biyu har sai an cakuɗa. Ɗan lido ba ya tuna jifar da ta wuce, amma fakitin karta yana ɗauke da tarihin abin da aka cire daga cikinsa.

Manyan katuna, wato masu darajar 10 da A, ɗan wasa suke taimako. Mutane kan ce ai mai rabawa ma zai iya samun su, kuma gaskiya ne, damarku ɗaya. Bambancin yana wurin biya da kuma 'yancin zaɓi. In kai ka samu A da 10 a katuna biyun farko, a teburin da ke bin tsohuwar ƙa'ida ana biyan ka 3 a kan 2: ka aza dala 10, a ba ka 15. In mai rabawa ne ya samu, dala 10 ɗinka kawai zai ɗauka. Sannan shi doka ta ɗaure shi, dole ya ja kati muddin bai kai 17 ba. Yana riƙe da 12 zuwa 16, kati mai 10 zai sa ya wuce 21, kuma ba shi da damar ƙi. Kai kuwa kana iya tsayawa. Haka nan ninka kuɗin da ka aza in jimillar katunanka biyu 10 ce ko 11, a ba ka kati ɗaya tak, ya fi riba in goma-goma sun cika a cikin abin da ya rage.

Ƙananan katuna kuma abokan mai rabawa ne, kuma babu kamar 5. Duba da kyau: 12 da 5 sun zama 17, 16 da 5 sun zama 21. Duk wani mugun hannu da mai rabawa zai riƙe tsakanin 12 da 16, kati 5 yana mayar da shi hannu mai kyau. Shi ya sa fitar 5 daga fakiti ta fi fitar kowane kati amfani ga ɗan wasa.

Ba yau aka gano wannan ba. A 1956 wasu mutum huɗu da suka yi aikin soja a Amurka, Roger Baldwin da Wilbert Cantey da Herbert Maisel da James McDermott, suka wallafa lissafin yadda ya fi dacewa a buga kowane hannu, da injin lissafi na tebur suka yi aikin. Edward Thorp, malamin lissafi a jami'ar MIT ta Amurka, ya ɗauki aikinsu ya zuba a kwamfutar IBM 704, ya duba yadda riba take juyawa in an cire wasu katuna, ya fitar da littafinsa Beat the Dealer a 1962. Babbar hanyar da ke cikin littafin tana da nauyi a ka, domin tana bukatar riƙe lambobi biyu da raba ɗaya da ɗayar. A 1963 wani injiniya mai suna Harvey Dubner ya gabatar da hanya mai sauƙi wadda yau ake kira Hi-Lo. Gidajen cacar Las Vegas sun tsorata har suka sauya ƙa'idojin wasan a 1964, amma da 'yan wasa suka ƙaurace wa teburan, ba a jima ba suka mayar da tsofaffin.

Hi-Lo, daki-daki

Kowane kati daga 2 zuwa 6 in ya fita, ka ƙara 1. Kowane 10, J, Q, K ko A in ya fita, ka rage 1. Katuna 7 da 8 da 9 ba ruwanka da su. A fakiti mai kati 52 akwai ƙanana 20, manya 20, 'yan ba-ruwanmu 12, saboda haka in ka ƙidaya fakiti duka daidai za ka ƙare a sifiri.

Ga zagaye guda a tebur mai mutum huɗu, an fara daga sabuwar cakuɗa. Na farko ya samu K da 9, ƙidaya ta koma -1. Na biyu ya samu 3 da 6, ya ja Q: biyu sama, ɗaya ƙasa, mun dawo sifiri. Na uku ya samu A da 10, mun sauka -2. Na huɗu ya samu 8 da 4, ya ja 5, mun sake dawowa sifiri. Mai rabawa yana da J da 4, ya ja 5, ƙidaya ta tsaya a +1. Katuna 13 suka fita, amma abin da za ka wuce da shi zagaye na gaba shi ne "ɗaya", ba komai ba. Wannan ita ce ƙidaya mai gudana.

Wanda ya saba ba ya bin katunan ɗai-ɗai. Idonsa yana haɗa su bibbiyu: ya ga K kusa da 5, sun kashe juna, bai ma taɓa lambar da ke kansa ba. Ya ga Q da J, ya rage biyu lokaci guda. A ajina, ranar da ɗalibi ya daina motsa leɓe yana faɗin "ƙari ɗaya, ragi ɗaya" ya fara tsallake katunan da suka soke juna, ranar saurinsa yake ninkawa. Gwajin da nake ba su mai sauƙi ne. A zare kati ɗaya a kife shi gefe, a ƙidaya sauran 51. In ka ƙare a +1, katin da aka kife babba ne. In -1, ƙarami ne. In sifiri, 7 ne ko 8 ko 9. Ma'aunin da masu wannan harka suka saba sa wa kansu shi ne gama fakiti cikin ƙasa da daƙiƙa 30 ba kuskure, a kai a kai.

Abin da na lura yana kayar da masu koyo shi ne lambobin ƙasa da sifiri. Mutum yana kan -3, ƙaramin kati ya fito, sai ya ce -4 maimakon -2, domin kansa ya ji "ƙari" sai ya ƙara girman lambar. Maganin da na ga yana aiki shi ne a fara ƙidaya daga 20 ko 100 maimakon sifiri, a cire ta daga baya in za a yi amfani da lambar.

Inda aikin yake da gaske

Yawancin teburan yanzu ba fakiti ɗaya ake amfani da shi ba, shida ne ko takwas a cikin akwati. A nan ƙidaya mai gudana ita kaɗai tana ruɗi. Cokalin sukari a kofin shayi daban yake da cokalin sukari a bokiti. In ƙidayarka +8 ce kuma fakiti huɗu suka rage, rarar manyan katunan ta bazu, kowane fakiti biyu ya samu. In fakiti biyu suka rage, kowanne ya samu huɗu. Don haka ake raba ƙidaya mai gudana da adadin fakitin da suka rage, abin da ya fito shi ne ƙidaya ta gaskiya, kuma da ita ake yanke shawara.

Ta yaya za ka san fakiti nawa suka rage? Da ido. Akwai tiren da mai rabawa yake tara katunan da aka gama da su, ka dubi tsayin tarin ka ƙiyasta: wannan fakiti biyu da rabi ne, ke nan uku da rabi suka rage cikin shida. A ganina wannan ƙiyasin ya fi ƙidayar kanta wuya, kuma shi ne abin da masu koyo suka fi rainawa. Kuskuren rabin fakiti a farkon akwati ba ya komai. Amma a ƙarshe, inda +6 a kan fakiti ɗaya da rabi take ba da 4, a kan biyu kuma take ba da 3, a daidai lokacin ne kuɗi mafi yawa suke kan tebur. Ina sa ɗalibai su tara tsofaffin fakitoci, su yanka tarin a wurare daban-daban, su faɗi adadi kafin su ƙirga, har idonsu ya saba.

Yanzu ga abin da lambar take nufi. Wanda yake buga kowane hannu daidai da lissafi, a tebur mai ƙa'idoji masu kyau, gidan caca yana gabansa da kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100. Kowace ɗaya da ƙidaya ta gaskiya ta ƙaru tana matsar da ribar wajen ɗan wasa da kimanin rabin kashi ɗaya. Ke nan a +1 kusan kunnen doki ake, a +2 ɗan wasa ya fara shiga gaba, a +4 yana gaba da kamar kashi ɗaya da rabi. Mafi yawan lokaci ƙidayar tana yawo ne a sifiri ko ƙasa, gidan ne ke gaba. Dabarar duka ita ce a aza mafi ƙanƙantar kuɗi a irin wannan lokaci, a ɗaga sosai in lambar ta hau. A akwati mai fakiti shida ana maganar ninki takwas zuwa goma sha biyu tsakanin ƙarami da babba. Wanda ya ƙidaya daidai amma kuɗinsa bai motsa ba, wahalar banza ya sha.

Amfani na biyu shi ne sauya yadda ake buga wasu hannuwa. Mafi daraja a ciki shi ne inshora, wato cacar gefe da ake tayi in mai rabawa ya nuna A, ana biyan 2 a kan 1 in katinsa na ɓoye mai 10 ne. Kafin ta biya, sai masu 10 sun wuce kashi ɗaya cikin uku na katunan da ba a gani ba. A cikakken fakiti 16 ne cikin 52, ƙasa da kashi 31 cikin 100, don haka a al'ada asara ce. A ƙidaya ta gaskiya +3 ko sama sai ta koma riba. Na biyunta shi ne in kana riƙe da 16, katin mai rabawa da ake gani kuma mai 10 ne: a ƙa'ida ana jan kati, amma daga sifiri zuwa sama tsayawa ta fi. Wani masanin wasan, Don Schlesinger, ya tantance irin waɗannan sauye-sauye 18 da ya nuna su ne ke ɗauke da yawancin amfanin, sauran ɗaruruwan kuwa abin da suke ƙarawa kaɗan ne.

Wacce hanya ce ta fi?

Akwai waɗanda suka fi Hi-Lo sauƙi. KO, wadda Olaf Vancura da Ken Fuchs suka fito da ita, tana ƙidaya 7 cikin ƙanana, don haka kowane fakiti yana ƙarewa a +4. Da gangan aka karkatar da ita don a huta da rabawa: a akwati mai fakiti shida ana farawa daga -20, a bi ƙidaya mai gudana kawai. Red Seven ta Arnold Snyder ma haka take, sai dai jajayen 7 kaɗai take ƙidayawa.

Akwai kuma masu nauyi. Omega II tana ba 4 da 5 da 6 ƙari biyu, 2 da 3 da 7 ƙari ɗaya, 9 ragi ɗaya, masu 10 ragi biyu, ta bar A a sifiri. Barin A a sifiri yana gyara shawarar ja ko tsayawa, domin A kan zama ƙaramin kati a cikin hannu, amma yana tilasta maka riƙe ƙidayar A daban don sanin abin da za ka aza. Lambobi biyu ke nan a ka. Hanyar Halves ta Stanford Wong har rabi-rabi take shigarwa, 5 tana da ɗaya da rabi.

A takarda masu nauyin sun fi daidai. Amma ra'ayina, kuma ina da ƙarfi a kansa, shi ne Hi-Lo ko KO sun ishi kusan kowa. Wajen nuna lokacin da ya kamata a ɗaga kuɗi, Hi-Lo tana dacewa da cikakken lissafi da kimanin 0.97 cikin 1, kuma a akwati mai fakiti da yawa daga nan ne mafi yawan riba take fitowa. Ɗan abin da hanya mai nauyi za ta ƙara maka, kuskure ɗaya ko biyu a awa sun isa su cinye shi. Na sha gwada wannan da ɗalibai masu kaifin kai: suna ƙidaya da Omega II lafiya lau a ɗaki shiru, amma da na kunna rediyo na fara jan su da hira ina tambayar jimillar hannunsu, sai lambar ta ɓace. Mai Hi-Lo yakan riƙe tasa. A teburin gaske kuma hayaniya ita ce yanayin kullum, ga mai rabawa mai saurin hannu, ga bukatar kada fuskarka ta nuna kana lissafi.

Iyakar abin

Ƙwararren mai ƙidaya, a wasa mai kyau, ribarsa tana kewayen kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin da ya aza. Sa'a kuwa tana kaɗawa fiye da haka nesa ba kusa ba. A hannu guda, ma'aunin kaɗawar ya kai kimanin 1.15 na abin da aka aza. Mu ɗauka kullum dala 10 ake azawa da ribar kashi ɗaya. A hannu 100, ribar da ake sa rai dala 10 ce, kaɗawar kuma dala 115 sama ko ƙasa. A hannu 10,000, wanda ya haura awa 100 a tebur, ribar dala 1,000 ce, kaɗawar 1,150. Ma'ana, kusan mutum ɗaya cikin biyar da suka buga hannu 10,000 ba tare da kuskure ko ɗaya ba zai tashi da asara. Sai an kai wajen hannu 40,000 kafin wannan ya sauko kusan kashi huɗu cikin 100. Ɗaga kuɗi da saukewa kuma yana ƙara kaɗawar. Wannan ne ya sa masu yin abin da gaske suke ajiye jari mai ninkin babban abin da suke azawa sau ɗari ko fiye, suna bin ƙa'idar da John Kelly ya fitar a 1956 ta daidaita abin da ake azawa da girman riba. Shi ne kuma dalilin kafa ƙungiyoyi, irin ta ɗaliban MIT da ta yi suna a shekarun 1980 da 1990: haɗa jari, wasu su zauna suna ƙidaya da ƙaramin kuɗi, su yi wa mai babban kuɗi alama in akwati ya yi kyau.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya iya rabi. Ya koyi ƙari da ragi, bai haddace yadda ake buga kowane hannu ba, ba ya raba ƙidayarsa daidai, sai ya riƙa ɗaga kuɗi yana ganin yana gaba alhali yana baya. Irin wannan ya fi wanda bai san komai ba saurin asara, domin shi yana aza manyan kuɗi da ƙwarin gwiwa.

Gidajen ma ba barci suke ba. Teburin da yake biyan 6 a kan 5 maimakon 3 a kan 2, wato dala 12 a kan 10 maimakon 15, ya ƙara wa gidan kusan kashi 1.4 cikin 100, wanda ya isa ya shafe ribar mai ƙidaya gaba ɗaya. Suna kuma sa katin yanka, wato alamar da ke nuna inda za a daina rabawa, da wuri, a sake cakuɗawa tun sauran fakiti biyu ko fiye, don kada ƙidaya ta samu filin hawa. Ƙidaya da ka ba laifi ba ce a dokar Amurka, amma a jihar Nevada gidan yana da ikon hana ka wasa, amfani da na'ura wajen ƙidayar kuwa babban laifi ne a can. A New Jersey, wani mai ƙidaya, Ken Uston, ya yi nasara a kotun ƙolin jihar a 1982 cewa gidajen Atlantic City ba za su kori mutum don yana ƙidaya ba, sai dai an bar musu wasu matakai kamar sake cakuɗawa da taƙaita abin da zai aza.

Batun waya kuma, amsar ita ce a'a. Wasan da manhaja take rabawa yana sake cakuɗa katunan bayan kowane hannu, don haka kowane zagaye daga sifiri yake farawa, babu abin da za a ɗauka zuwa na gaba. Haka yake ga teburan da ke da injin cakuɗawa mai ci gaba, wanda ake mayar masa da katunan da aka gama da su nan take. Ko wasan intanet da ake nuna mutum yana rabawa ta bidiyo, galibi fakiti takwas ne kuma ana canza akwatin tun wajen rabinsa, ga hannuwan suna tafiya a hankali, ta yadda ƙidaya ta gaskiya ba kasafai take hawa inda za ta yi amfani ba. Duk wanda ya tallata maka manhaja ko darasin da zai sa ka ci irin waɗannan wasanni da ƙidaya, ka tambaye shi yaushe ake cakuɗa katunan. In bayan kowane hannu ne, babu hanyar ƙidaya, mai sauƙi ko mai nauyi, da za ta rage ribar gidan ko da ɗigo.